Kwanon Shayin Yaya Tatsue

Yayar mijina, Tatsue, shekararta goma sha biyar ke nan da rasuwa, kuma har yau in aka fara yabonta a gabana sai na tuna na bar wani abu a kan wuta. Tsofaffin unguwarmu a Matsue suna cewa ba a yi hannun da ya iya burga garin shayi kamar nata ba. Ban musa ba, gaskiyarsu ce. Abin da suke mantawa shi ne hannun nan a jikin mace yake, kuma ni ce na zauna da macen shekara arba'in da ɗaya a gida ɗaya. Su sun san shayinta, ni na san ta.

Ina da shekara ashirin da biyu aka kawo ni gidan iyalin Notsu, daga wani ƙauye can bayan duwatsu, inda shayi ganye ne kawai, a zuba masa ruwan zafi a tsiyaya. Mijina Masuo sana'ar ubansa ya gada, ɗinkin tabarmin daɓe, shagonsa a gaban gida. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko gobara ta tashi zai tsaya ya jera takalman mutane a bakin ƙofa kafin ya fita. Uwarsu ta rasu shekara uku kafin zuwana, don haka Tatsue, da ta girme shi da shekara takwas, ita ke riƙe da gidan, da makullan, da shi kansa.

Washegarin biki, da ƙarfe goma na safe, ta kira ni ɗakin tsakiya. Na tarar da ita a durƙushe gaban butar ƙarfe, ga maƙwabciyarmu Kinuyo, matar mai awara, ta zo ganin amarya. Tatsue ta tankaɗe koren garin a 'yar rariya, ta ɗumama kwano, ta jiƙa maburgin gora. Ta zuba cokali biyu, ta ƙara ruwan da aka bari ya sarara bayan tafasa, sai hannun ya fara aiki. Ba ka ganin maburgin, jinsa kawai kake, shaf-shaf-shaf, kafin ka ƙifta ido kumfa ta rufe kwanon, mai laushi, ba ƙwaya babba ko ɗaya. Na ci alawar waken da aka ajiye mini, na ɗauki kwanon da hannu biyu, na juya shi yadda aka koya mini kwana uku kafin biki, na sha. Ɗaci ya fara zuwa, sai wani garɗi ya biyo bayansa ya zauna a maƙogwaro. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma har cikin raina ina son ƙari.

"A ƙara miki?" in ji Tatsue.

A ƙauyenmu in aka yi wa mutum tayi, sai ya ƙi sau biyu, a na uku ya karɓa. Wanda ya miƙa hannu tun tayin farko, har jikokinsa sai an yi musu gori. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Yaya, na ƙoshi, na gode."

Kinuyo ta dafe baki. A nan kwano biyu ake sha. Na farko na gaisuwa ne, ko wa ya shigo ana ba shi. Na biyu shi ne zama, shi ke nuna gidan ya karɓe ka, kai ma ka karɓe shi. Wanda ya ƙi na biyu kuwa, ya gaya wa mai burgawa ke nan cewa na farkon da ƙyar ya haɗiye.

"Kin ji ko, Kinuyo?" in ji Tatsue, tana ɗauraye maburgi. "Amarya ta ƙoshi."

Na zauna ina jiran tayi na biyu. Shekara ashirin da tara na yi ina jiransa.

Da yamma Masuo ya bayyana mini kuskurena, yana magana yana kallon allurarsa. "Abu ne mai sauƙi, Michie. Gobe ki ce, Yaya a ƙara mini. Shi ke nan."

"Ni na roƙa? Ubana bai haifi maroƙiya ba. Ita ta sake tayi mana, bakinta ciwo yake?"

Ya haura bene ya kai mata saƙon, an rage masa kaifi. Ina tsaye a gindin matakala na ji amsarta, domin dama don na ji ta ɗaga murya. "Da bakinta ta ce ta ƙoshi, da bakinta za ta ce tana so. Ko kai ne tafintanta?" Masuo ya sauko ya wuce shago, bai sake sa baki ba har ya koma ga magabatansa.

A gidan nan aka haifi Tatsue, ita ce 'yar fari. Tana da ashirin da ɗaya aka aurar da ita ga ɗan masu shagon busasshen kifi a garin Yonago. Bayan shekara huɗu ta dawo da akwati ɗaya, ɗan da ta haifa kuwa aka riƙe shi can, tunda na gidan ubansa ne. Kinuyo takan ce surukar can muguwa ce, ita ta kore ta. Ni dai ban san tsohuwar ba, amma na san wadda aka kai mata, kuma ina tausaya mata. Tun da ta dawo ta haye ɗakin bene ta kama ɗinkin kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya, da hannu. Ɗinkinta ba ya warwarewa, shi ya sa matan gari ke jure bakinta. Za ta zagaya mace da igiyar awo ta ce, "Bara yadi nawa muka ce? To bana ki ƙaro, shinkafa ta karɓe ki." Matar ta yi dariyar dole ta sauko, ƙarfe uku ya tarar da ita a ɗakin tsakiya, a ba ta kwano biyu, ta tafi gida tana yabo.

Ƙarfe goma da ƙarfe uku, kowace rana ta duniya, allura ta tsaya, buta ta hau wuta. Masuo ya karkaɗe ciyawar tabarma daga wandonsa ya shigo. Duk wanda ƙafarsa ta kawo shi a lokacin sai ya zauna. Mai kawo wasiƙu ya sha biyu. Mai duba mitar ruwa ya sha biyu. Malamin haikali da ke zuwa addu'ar magabata ya sha biyu. Wani direba ya taɓa ja da baya ya karya mana shinge, ya shigo ba da haƙuri, shi ma da biyu ya fita. Ni da ke dafa abincin gidan, ina goge daɓensa a durƙushe, na haifa masa 'ya, in na shanye na farko sai ta karɓi kwanon ta ɗauraye, ta kife shi a kan ƙyalle a gabana, ta juya ga na kusa da ni da fara'arta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Na yi furfura ina Amarya.

Wani zai ce, ba ga gari a gwangwani ba, ba ga ruwa ba? Na gwada. Na sayi maburgina a ɓoye, in ta haura bene na shige kicin na burga wa kaina. Sai na ji daga sama, "Amarya! Ƙwai kike kaɗawa ko wanki kike yi? Daga nan ina jin gudajin!" Ko da na iya daga baya, shan bai taɓa gamsar da ni ba. Ba shayin nake nema ba. So nake hannun nan nata ya ajiye kwano na biyu a gabana, a gaban mutane, ba tare da na buɗe baki ba.

Kada kuma a ɗauka ni tunkiya ce. Miyarta takan fi ta kowa gishiri. Shanyata kullum a gaban tagarta take, daidai lokacin da take bukatar haske don ɗinkin baƙin yadi. In ta ce kifin ya bushe, gobe na ƙona shi. Muna gaisuwa da safe cikin ladabi, mu rusuna wa juna, mu yini kowa na neman inda zai taka ɗan'uwansa. Na tsane ta, ita ma ta tsane ni, kuma gidan bai taɓa jin mun yi cacar baki ba.

Abu ɗaya ne a duniya na ga Tatsue tana taɓawa da tausayi, shi ne kwanon uwarsu, da ita da Masuo suke kira kwanon Inna. Na yumɓun garin Hagi ne, tsohuwar ta zo da shi cikin kayan aurenta. Irin kwanon nan jikinsa cike yake da tsaga sirara kamar gashi, kuma yana shan shayi yadda mutum ke sha. Sabo yakan zo fari-fari. Shekara da shekaru shayin na ratsa tsagar, yana rina ta, har kwanon ya koma launin zuma, da zare-zare masu duhu ko'ina. Ba a sa masa sabulu, ba a goge shi da soso. Ruwan ɗumi da yatsa kawai, a shanya a inuwa. In kowa ya gama sha, sai Tatsue ta ɗauko shi daga akwatinsa na katako ta burga wa kanta. Takan nuna wa baƙi wani gefe da ya fi duhu ta ce, "Nan Inna ke sa baki." A lokacin muryarta takan zama ta wata mace dabam, da ban taɓa zama da ita ba.

Sau ɗaya na ga wani ya sha a cikinsa. Ɗanta ne, wanda aka riƙe a Yonago. Ya zo yana da shekara talatin da biyar, cikin kwat, wai aiki ya biyo da shi ta garinmu. Ya gaishe ta kamar ya shigo ofis. Ta ɗauko kwanon Inna ta burga masa. Ya kurɓa sau biyu, ya duba agogo, ya leƙa cikin kwanon ya yamutsa fuska.

"Wannan ai duk ya yi datti. Ba ku da maganin wanke shi ne?"

Ya bar rabi ya tafi, bai sake dawowa ba. Ranar na ji tausayinta, har na rage gishirin miya. Washegari da ƙarfe goma ta kife kwanona a gabana kamar kullum, tausayin ya kama gabansa. Maganar ɗan nata kuwa ta zauna mini a kai, ban san ajiye ta nake ba.

Abin da ya ƙure ni ya faru ne ranar da iyayen saurayin 'yata Yorie suka zo daga Izumo don a san juna. Kwana uku ina gyaran gida. Na sa kimonona mafi kyau, na zauna a matsayin uwar yarinya. Tatsue ta burga wa kowa na farko, ta zagayo da na biyu. Na ce a raina, yau dai ko don idon baƙi. Ta ba uban yaro, ta ba uwarsa, ta ba yaron, ta ba Masuo, ta ba Yorie. Ta iso kaina, ta ɗauraye, ta kife.

Uwar yaron, mace mai kirki, ta ce, "Af, an manta da uwar amarya."

"Ba a manta ba," in ji Tatsue da murmushi. "Ita ba ta shan na biyu. Ta ƙoshi tun shekarar da aka kawo ta. Mutanen dutse ai cikinsu ƙarami ne."

Aka yi dariya, domin sun zaci wasan gida ne. Ni ma na yi. Yorie ce kaɗai ta kafa ido a tabarma, kunnuwanta sun yi ja. Ina da shekara hamsin da ɗaya, aka nuna wa surukan 'yata cewa ni 'yar zaman haya ce a gidan mijina.

Bayan wata biyu Tatsue ta zame a matakala ta karye a ƙugu. Ana ɗaukar ta zuwa motar asibiti, fuskarta ta yi fari don zafi, ta samu ƙarfin ɗaga yatsa. "Kada kowa ya taɓa kwanon Inna. Amarya, da ke nake."

Mako uku ta yi a asibiti. A mako na biyu, ranar da Masuo ya tafi shimfiɗa tabarmi a wani gida, na cika roba da ruwa, na tsiyaya bilic ɗin da muke jiƙa tsumman kicin da kofunan da shayi ya rina a ciki. Na ɗauko akwatin, na kwance igiyarsa, na nutsa kwanon. Na gaya wa Masuo daga baya, na gaya wa Kinuyo, na gaya wa duk unguwa, cewa wankin kofuna nake, na haɗa da shi ban sani ba, 'yar ƙauye ce ni. Ƙarya nake. Na sani sarai. Na ja kujera na zauna ina kallon zaren nan masu duhu suna kwancewa a hankali, ruwan na komawa ruwan ƙasa, kuma daɗi nake ji. Kwana biyu na bar shi a ciki. Da na tsamo shi ya fito fari fat, kamar yau aka sauke shi daga kanta. Gefen da Inna ke sa baki babu ko alama. A nan ne daɗin ya tsaya.

Masuo ya juya kwanon a hannunsa ya daɗe. "Michie," ya ce, "shekararki nawa a gidan nan?" Bai jira amsa ba ya mayar da shi akwati ya ɗaure.

Ta dawo tana dogara sanda. Washegari da ƙarfe goma aka sa mata 'yar kujera, tunda durƙuso ya gagara. Ta burga mana, ta kife nawa, ta jawo akwatin ta kwance. Na shirya wa ihu. Na shirya wa mari ma, kuma na tanadi amsoshi tun mako guda, masu zafi, na shekara ashirin da tara. Ta ɗaga kwanon, ta juya shi sau ɗaya, ta sunsuna.

"Kin wanke shi."

"Na ga ya yi datti ne, Yaya."

"Ya fita tas," ta ce. "Sannu da aiki."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Kwana bakwai tana tafasa shi a ruwan wankin shinkafa, tana sauya ruwa, tana shanya shi a inuwa, don warin maganin ya fita. Ba ta yarda na kama mata ko tukunya ba. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandarta tsakanin kicin da baranda, abinci ya ƙi shiga cikina.

Rana ta takwas Kinuyo na nan, Masuo na nan. Tatsue ta tankaɗe gari, ta ɗumama farin kwanon, ta burga, ta ajiye shi a gabana. Na dubi Masuo, ya dubi rufi. Na ɗauka na sha. Ko warin na nan ko a hancina yake, ban sani ba, amma sai da na yi da gaske ya wuce. Na ajiye. Ta karɓa, ta ɗauraye, ba ta kife ba. Ta sake zuba cokali biyu ta burga, ta turo mini.

"Yaya, na..."

"Ba tambayarki na yi ba. Inna ta yi shekara talatin da biyar tana shayar da kwanon nan, ni na yi talatin da biyu. Ke kika cire, ke za ki mayar. Biyu da safe, biyu da rana. Sha."

Kinuyo, da kanta bai taɓa ɗaukar abu biyu lokaci guda ba, ta tafa hannu. "Kai, madalla! Yau dai an shirya! Michie, kin ga zuciya ko? Kin ɓata mata kwanon uwa, ta ɗauka ta ba ki!" Kafin yamma labarin ya zaga unguwa. Daga ranar Tatsue ta zama abar misali, ana aiko 'yan mata su koyi haƙuri a wurinta. Ita kuwa ta koma sha a wani kwanon banza da shagon shayi ya taɓa rabawa kyauta, da sunan shagon a gindinsa, kuma ta tabbatar kowane baƙo ya lura.

Haka na samu kwano na biyu. Hannunta ya ajiye shi a gabana, a gaban mutane, ban buɗe baki ba, daidai yadda na so. Ban taɓa sanin abu zai iya zuwa yadda ka roƙa ya kuma zama wulaƙanci ba.

Shekara goma sha biyu ba ta ɗaga mini ƙafa ko sau ɗaya ba. Ina kwance da zazzaɓi ta turo ƙofa da sanda, kwanon na kan tire. Da Yorie ta haihu na tafi Izumo kwana biyar, na buɗe jakata na tarar da akwatin a naɗe cikin rigata, da gwangwanin gari da maburgi. Na ce mata likita ya ce kwano huɗu ya yi mini yawa, yana hana ni barci. Ta ce, "Likitan ne ya jiƙa shi a roba?" Ranar jana'izar Masuo, gida cike da masu ta'aziyya, idona a kumbure, ƙarfe uku na bugawa ta sa aka ɗora buta. Mata na share hawaye suna cewa dubi yadda take kula da matar ƙaninta. Na sha biyu a gaban hotonsa, ina jin da zan iya da na shaƙe ta.

Kowace sabuwar shekara, bayan mun gaida magabata, takan ɗaga kwanon a hasken taga, ta juya shi a hankali, ta ce, "Da saura." Launi ya fara dawowa, amma ba na da ba. Na Inna zuma ne. Wannan toka-toka ne mai ɗan kore, kuma duhun ya taru a wani gefe dabam, inda ni nake sa baki. Abin haushin, tun ina sha da ƙyar har jikina ya saba. In goma ta kusa sai na ji maƙogwarona na nema. Shayinta bai taɓa raguwa a daɗi ba, domin ko maƙiyinta ba ta iya burga wa mara kyau.

Bayan rasuwar Masuo muka rage mu biyu a gidan, tsofaffi biyu da ba sa ko ga maciji, shagon gaba a rufe. Da lokacin kaka ya shigo a shekararta ta saba'in da biyar, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na sauko da shimfiɗarta ɗakin tsakiya. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ba ta kunun shinkafa a baki. Burga shayi ma ya dawo hannuna. Tana kwance tana saurare, bakinta a karkace amma bai mutu ba. "Ruwan ya yi zafi." "Wuyan hannu, ba kafaɗa ba, ke ba sussuka kike ba." Na burga mata a kwanon shago na riƙe mata ta sha, sannan na sha nawa biyun a gabanta tana ƙirgawa da ido.

Wata rana da ƙarfe uku, bayan likita ya gaya mini kwanakin sun rage kaɗan, wauta ta kama ni. Na dube ta, ta ƙanƙance a cikin bargo, na ce a raina ai ya isa. Shekara goma sha biyu bakinta bai taɓa kwanon uwarta ba. Ni na jawo, ni ya kamata na mayar mata kafin ta tafi. Kuma, gaskiya, ina so ta karɓa daga hannuna. In ta karɓa, to mu biyu mun sha a kwano ɗaya, ni ma ta gidan ce.

Na tankaɗe garin sau biyu. Na jira ruwan ya sarara daidai. Na burga da duk abin da na sata daga hannunta a shekara arba'in da ɗaya, kumfa ta tashi lumui. Na durƙusa, na tallafo kanta, na kawo kwanon kusa da bakinta.

Ta daɗe tana kallon cikinsa.

"Kumfar ta yi," ta ce.

Shi ne yabo na farko da na taɓa ji daga bakinta. Hawaye ya cika mini ido, na matso da kwanon. Sai ta kau da fuska zuwa bango.

"Ɗauke."

"Yaya, kwanon Inna ne. Ki kurɓa ko sau ɗaya."

"Kwanon Inna ya mutu a roba. Wannan naki ne, dubi launinsa. Ni ba na sha a kwanon baƙi."

"Baƙi? Yaya, ni? Ni da na binne ƙaninki, nake kwashe kashinki da hannuna?"

"An gode," ta ce da bango. "Sha kafin ya huce, Amarya."

Na miƙe. Hannuna har ya ɗaga, na auna ginshiƙin ɗakin, na ga yadda kwanon zai tarwatse. Ban iya ba. Shekara goma sha biyu na rayuwata ne a cikin tsagar nan. Na shanye shi a tsaye, abin da ba a yi, ina kukan haushi, na wuce kicin na dangwarar da shi. Na dafa bakin wurin wanke-wanke na rantse wa kaina an gama, ko za ta mutu yanzu ba zan ƙara ba.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar buta. Can muryarta ta taso daga ɗakin tsakiya, siririya, a karkace.

"Saura ɗaya."

Na share fuskata da bayan hannu, na ɗauko rariya.